Neman kalma: me za mu kira ɗakin da ake ware wa yara don wasa?

Mai Shirin Iyaye, Gusau: Assalamu alaikum malamai. Gobe Laraba da ƙarfe 4 na yamma za mu gabatar da shirin iyaye mata a rediyo, batun makon kuma shi ne yadda ake ware wa yara wurin wasa a cikin gida. Takardar da za mu yi aiki da ita da Turanci take, kalmar playroom ta cika ta. Na sa "ɗakin wasa" amma kunnena bai kwanta da ita ba. Akwai kuma toy rotation da small parts. Abin da nake so shi ne kalmar da uwa a Maru ko Tsafe za ta ji sau ɗaya ta gane. A taimaka kafin dare.

Malamar Raino, Birnin Kebbi: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki ƙara "yara" a ƙarshe: ɗakin wasan yara. In kin bar shi "ɗakin wasa" kawai, wani zai ɗauka na wasan kwaikwayo ne, ko inda samari ke taruwa kallon ƙwallo. Toy rotation kuwa ki ce "sauyin kayan wasa", ki bi da bayani. Ba a zube wa yaro kayansa duka a lokaci guda. A fitar da guda 8 zuwa 10, sauran a ɗaure a buhu a ɗora inda ba ya gani, bayan mako ɗaya ko biyu a musanya. In kaya suka yi yawa a gabansa ba ya tsayawa kan ko ɗaya, sai ya watsar ya koma jan zanin uwarsa. Wanda aka ɓoye kuma in ya dawo, kamar sabo yake karɓarsa.

Baffa na Argungu: Ɗiyata, wanga dogon suna na mi ne? Kalma ukku don abu guda? Hausa na da hanyatta. Inda aka karatu makaranta, inda aka jima majema, inda aka dahuwa madafa. To inda aka wasa MAWASA. Ki faɗe ta gobe a rediyo, in sha Allahu kafin shekara ta zagayo ta zauna bakin mutane. Haka kalmomi ka shiga harshe, wani ne ka fara faɗi.

Ɗan Nahawu: Allah ya gafarta Baffa, ƙa'idar da ka kawo gaskiya ce, sai dai ba ta hau nan ba. Wannan "ma" ɗin a jikin aikatau take maƙalewa: karanta ta ba da makaranta, jeme ta ba da majema, dafa ta ba da madafa. Wasan yara kuwa suna ne, shi ya sa muke cewa "yi wasa". Aikatau ɗin da ke da wannan siffa shi ne wasa wuƙa, kuma daga gare shi muka riga muka samu mawashi. Duk wanda ya ji "mawasa" wurin wasa wuƙa da lauje zai fahimta. A shirin da ake gargaɗin iyaye su kau da abu mai kaifi daga gaban yaro, wannan ruɗani ba ƙarami ba ne.

Baffa na Argungu: Karin sautin ba ɗaya ba ne, kai ma ka sani. A rediyo kunne ka ji, ba ido ba.

Kafinta, Tudun Wada: Ni Hajiya matsalata da kalmar "ɗaki" ce. Gida nawa ne ke da ɗakin da ba a kwana a ciki? Kina cewa ɗaki, rabin masu sauraro za su ce wannan zancen masu hali ne, su juya tasha. Alhali ƙafa 6 a ƙafa 6 a gefen falo ko ƙarƙashin rumfa ya isa yara biyu. Ki ce "wurin wasan yara", ya ɗauki ɗaki, ya ɗauki kusurwa.

Tunda kuma iyaye za ki yi wa magana, ga abin da ya kamata su ji game da kantar da ake jera kayan wasa a kai. Tsayinta kada ya wuce ƙafa biyu da rabi, zurfinta inci 12, hawa biyu sun isa, don yaro ya ɗauko da kansa ya mayar da kansa. Doguwar kanta yaro hawanta yake yi kamar tsani, nauyinsa ya rinjayo ta kansa. Ko gajera ce a kafe ta da bango ta sama, da ƙarfe mai kusurwa guda biyu da sukuru, ba ƙusa ba, don ƙusa a bulo sannu a hankali take zarewa. A goge bakin katakon da samfefa har kaifin ya mutu. A ɗaga ƙafafunta inci 3 ko 4 daga ƙasa saboda gara da ruwan shara. Kaya masu nauyi a hawan ƙasa. Akwatin ƙarfe mai murfi kuma a raba shi da wurin gaba ɗaya: murfin na datse yatsa, yaro kuma na iya shigewa ya rufe kansa. Kwando buɗaɗɗe ko roba marar murfi ta fi, a riƙa zazzage ta kowace safiya saboda kunama.

Malamar Raino, Birnin Kebbi: Maganar Malam kafinta ta kama hankali. Ƙari a kai: wurin ya zama inda uwa ke hangen yaro tana aikinta, ba ƙuryar gida ba. In ɗaki ne a cire sakatar ciki. Daga Maris zuwa Mayu zafinmu na haura digiri 40, ɗakin kwano marar silin ba ya zaunuwa da rana, sai a koma inuwar rumfa. Taga ta samu raga saboda sauro. Soket a toshe shi ko a kare shi da bayan kanta, wayar caji kada ta yi lilo. Bokitin ruwa kuma ko kaɗan ne a ciki kada ya kwana a wurin, mai rarrafe in ya kifa kai a ciki ba ya iya ɗagowa.

Baffa na Argungu: Kun bar zancen kalma kun koma aikin katako. Abin da ni ka ji ma ciwo shi ne, duk kalmar da anka ƙirƙiro daga Kano sai a karɓa ba gardama, in ta fito daga Kabi ko Zamfara sai a ɗauko nahawu a auna ta. Mu da munka gaji dandali da shigifa ba mu rasa sunan wurin wasan ɗiyanmu ba. In ba ku son mawasa, ku ce "dandalin ɗaka".

Ɗan Nahawu: Baffa, ba wanda ya kawo Kano a nan, ni ma ɗan Kaura Namoda ne. Gaskiya ne an gina daidaitacciyar Hausa bisa karin Kano, kuma kalmominmu da dama ba su samu shiga ba, wannan ƙorafi ne mai tushe. Amma da Bakano ne ya kawo mawasa, amsar da zan ba shi ke nan. Dandalin ɗaka ta fi ta nesa ba kusa ba. Damuwata ɗaya, dandali fili ne na unguwa, na gaɗa da langa da dare, yanzu kuma an ja kalmar zuwa dandalin sada zumunta.

Baffa na Argungu: To ai ka gani. Sun ɗauki dandali sun ba Facebook ba wanda ya ce uffan, ni na ba yara ita an ce ba ta dace ba.

Jami'ar Lafiya, Anka: Baffa a yi haƙuri in shigo, akwai abin da takardar Turanci ba za ta faɗa wa Hajiya ba, kuma a Zamfara shi ne kan gaba: ƙasan wurin. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, saboda ana daka da niƙa dutsen zinariya mai ɗauke da dalma a cikin gidaje. Ƙurar ta zauna a tsakar gida, yara na rarrafe a kai suna kai hannu baki. Don haka duk sunan da aka zaɓa, a gaya wa iyaye: a dafe wurin da siminti in da hali, a shimfiɗa tabarma ko leda wadda ake iya wankewa, a goge da jiƙaƙƙen tsumma maimakon sharar tsintsiya da ke tayar da ƙura. Takalmi ya tsaya a waje. Kayan aikin mai haƙar ma'adini da tufafinsa kada su kusanci wurin, haka tsohon batirin mota ko na sola. Bango mai ɓarewar tsohon fentin mai a gyara shi yara ba sa nan. A wanke musu hannu kafin cin abinci.

Small parts kuwa kada ki nemi kalma ɗaya, ki ce "ƙananan abubuwan da ke shaƙe yaro". Ma'aunin da ake amfani da shi ga ɗan ƙasa da shekara 3 shi ne faɗin inci ɗaya da kwata, wato kusan murfin gorar ruwa. Abin da bai fi shi girma ba, a ɗauke shi: tsabar kuɗi, dutsen wuya, idon 'yar tsana da ya fara kwancewa, tayar motar roba, fasasshen balan-balan. Mafi muni ƙaramin batiri mai kama da maɓalli da ke cikin kayan wasa masu ƙara da fitila. In ya maƙale a maƙogwaro yana iya ƙona shi cikin awa 2. A garzaya asibiti nan take, kada a tsaya sa yaro amai.

Mai Shirin Iyaye, Gusau: Allah ya saka da alheri, na samu fiye da abin da na nema. Ga yadda zan yi: a buɗe shiri zan ce "ɗakin wasan yara, ko wurin da aka ware musu ko da kusurwa ce", daga nan in ci gaba da "wurin wasa". Sauyin kayan wasa na ɗauka. Baffa, mawasa ba za ta shiga ba, amma zan faɗi dandalin ɗaka sau ɗaya in ji abin da masu kiran waya za su ce.

Baffa na Argungu: Sau ɗaya ba ya zaunar da kalma. Amma ki faɗa, kuma ki ce daga Kabi ta fito. Mawasa ban janye ta ba.

Kafinta, Tudun Wada: Hajiya in bangon na ƙasa ne sukuru ba ya kamawa, ki gaya musu su bar kanta, su jera kwanduna uku a ƙasa.