Neman kalmar Hausa: me za mu kira smog?

1/ Tun lokacin kullen korona kalmar smog take ba masu fassara wahala. Wani ya rubuta hazo, wani hayaƙi, wani ya ce gurɓatacciyar iska ya wuce abinsa. Kowa da hujjarsa, amma mai karatu ne ke shan wahala, don ya kan ɗauka abubuwa uku ake magana a kai alhali abu ɗaya ne. Ga shawarwarin da aka turo mini, ga kuma inda na tsaya.

2/ Mu fara da abin kansa kafin sunansa. Turawan Ingila sun yanko farkon kalmarsu ta hayaƙi suka liƙa da ƙarshen kalmarsu ta hazo mai laima, kuma wani likita mai suna Des Voeux ne ya yayata ta a 1905, yana kwatanta abin da ke lulluɓe Landan idan hayaƙin kwal ya haɗu da sanyi. Mafi muninsa shi ne na ranakun 5 zuwa 9 ga Disamba 1952. Motocin haya suka tsaya cak, mutum ba ya ganin gabansa da rana tsaka. Lissafin farko ya ce mutum wajen 4,000 ne suka mutu, bincike na baya ya kai adadin kusan 12,000. Wannan ne ya haifar da dokar tsabtace iska ta Birtaniya a 1956.

3/ Sai dai kalmar ba ta tsaya a Landan ba. A Los Anjeles ta Amurka ba kwal ake ƙonawa ba, garin kuma rana ce da shi, amma wani abu mai ruwan ƙasa-ƙasa yana rufe shi, ido na yaji, maƙogwaro na kaikayi. Masanin sinadarai Haagen-Smit ne ya nuna a farkon shekarun 1950 cewa hasken rana ne ke dafa abin da ke fitowa daga salansar mota da tururin man fetur, ya mayar da shi wata guba dabam. To, kalma ɗaya ta ɗauki iri biyu ke nan. Abin da ya haɗa su: ɗan'adam ne ya samar da kayan haɗin, yanayi kuma ya tsare su a kan gari. Tsarewar tana faruwa ne idan iska mai ɗumi ta zauna a sama ta danne mai sanyi a ƙasa kamar murfin tukunya, duk abin da gari ya fitar sai ya rasa hanyar tashi. Duk kalmar da za mu zaɓa sai ta ɗauki waɗannan biyun.

4/ Mafi yawan waɗanda suka amsa sun ce hazo kawai, tunda kowa ya san shi. Wani dattijo ma cewa ya yi kada mu wahalar da kanmu, kakanninmu sun riga sun raɗa wa abin suna.

Baba, a yi mini afuwa, a nan ban bi ka ba. Hazon da kakanni suka sani ƙurar Sahara ce da iska ke kwasowa, mai yawa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Yana da lokacinsa, ya zo ya wuce, ba a tuhumar kowa a kansa. Idan ka ce hazo ya rufe Delhi, ka wanke masu masana'antu da masu motoci da masu ƙona karan gona tas, ka ɗora wa yanayi laifin. Kuma kullen 2020 ya ƙaryata haka a fili. Indiya ta shiga kulle ranar 25 ga Maris, kafin tsakiyar Afrilu mutanen garin Jalandhar na jihar Punjab suna hawa saman gidaje suna hango duwatsun Dhauladhar masu ƙanƙara, waɗanda da yawansu ba su taɓa gani daga can ba. Taurarin ɗan'adam na NASA da na hukumar sararin samaniyar Turai suka nuna iskar naitrojin dayoksaid, wadda motoci da masana'antu ke fitarwa, ta ja baya sosai a kan China bayan rufe Wuhan ranar 23 ga Janairu, haka ma a arewacin Italiya a watan Maris. Abin da ke yayewa don an ajiye motoci ba hazon hunturu ba ne.

5/ Wannan hujjar ita ce ta kayar da buda ma, wadda wani ɗan'uwa ya kawo. Kalma ce mai daɗi, ina son a raya ta, amma ita ma ta hunturu ce.

6/ Hayaƙi fa? Ya fi hazo kusa, don yana nuna akwai mai hura wutar. Matsalarsa ita ce a kunnen Bahaushe hayaƙi abu ne da kake ganin inda yake fitowa, ya tashi ya baje. Wanda muke magana a kai kuwa zaune yake, kuma babban kasonsa ba daga bututu ya fito kai tsaye ba, a cikin iskar ake harhaɗa shi. Amoniya daga takin zamani da kashin dabbobi ta gamu da iskokin da injuna da tashoshin kwal ke fitarwa, sai su dunƙule su zama ƙananan ƙwayoyi masu yawo.

Beijing ta ba da misali mai ɗaure kai. A watan Fabrairun 2020, tituna fayau babu motoci, amma gari ya yi duhu na kwanaki. Tashoshin wuta da manyan masana'antu ba su tsaya ba, gidaje na ƙona kwal don ɗumama ɗaki, iska ta kwanta, laima ta yi yawa. Wanda aka gaya wa hayaƙin mota ne kaɗai matsalar sai ya ce masana ƙarya suke yi.

7/ Gurɓatacciyar iska daidai ce, amma uwa ce. Ta ƙunshi ta cikin ɗaki da ta bakin titi da wadda ba a gani. A bar ta a matsayinta.

8/ Wani matashi ya ce mu yi yadda Turawan suka yi, mu yanka mu liƙa. Ba shi kaɗai ya taɓa wannan tunani ba: Larabawa sun haɗa dabab da dukhan suka sami dabkhan, mutanen Indonesiya suka haɗa asap da kabut suka sami asbut. Sai ya ba da hazaƙi, wato hazo da hayaƙi. Ƙanena, sannu da ƙoƙari, amma karanta wannan da ƙarfi: hazaƙi ya yi wa yaran birnin illa. Rabin masu saurare za su ɗauka hazaƙa ce ta yi musu yawa. Ban da haka, Hausa ba ta saba datse kalmomi ta ɗinke su ba. Tana haɗa su ne cikakku, ko da ɗafi irin na jirgin sama da gidan waya, ko da aikatau a gaba irin na fasa-ƙwauri da gama-gari.

9/ A wannan sahu na biyu wata malama ta kawo shaƙe-gari, kuma gaskiya ta burge ni. Tana da ƙarfi, tana faɗin abin da abin yake yi wa mutane. Malama, ina ganin kanun labari da taken gangami za su so ta. Abin da ya sa ban ɗora ta a gaba ba shi ne ba ta gaya wa wanda bai taɓa ji ba ko mece ce. Cunkoson motoci ma shaƙe gari yake yi.

Turnuƙu kuma, wanda mutum uku ko huɗu suka ambata, faɗa ya riga ya mallake shi. Da ka ce turnuƙu, faɗan ibilisai ne zai faɗo wa mutum a rai. Amma aikatau ɗin namu ne, mu riƙe shi: ya turnuƙe gari.

10/ Inda na tsaya: hazon hayaƙi. Hazo ya ba da kamanni, wato abu mai zaune a kan gari yana rage gani, hayaƙi ya ba da asali, wato ƙone-ƙonen mutane. Ba ya buƙatar bayani, mai sauraren rediyo zai gane shi a ji na farko. A lura da jerin: hazon hayaƙi, ba hayaƙin hazo ba, don hazo ba ya fitar da hayaƙi. Namiji ne: hazon hayaƙi ya turnuƙe Lahore, an rufe makarantu.

11/ Sai dai akwai tarko a cikin kalmar da na zaɓa, kuma kulle ne ya tona shi. Sunan abin da ido ke gani ne. Sama ta washe, hotuna suka cika Facebook, mutane suka ce iska ta gyaru. Mai kisan kuwa galibi ba a ganinsa. Shi ne abin da na'urorin awo ke rubutawa PM2.5, ƙwayoyin da faɗinsu bai wuce maikromita 2.5 ba, wato silin gashin kai ya ninka su wajen sau 30. Gashin hanci da majina ba sa tare su. Suna wucewa har ƙarshen huhu inda iska ke shiga jini, su tayar da kumburi, shi ya sa illarsu ba ta tsaya ga tari da fuka ba, ta kai ga ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da sankarar huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana danganta mutuwar mutum wajen miliyan 7 a shekara da gurɓatar iska ta waje da ta cikin gida, kuma a 2021 ta rage ma'aunin da take shawarta na waɗannan ƙwayoyi daga maikrogram 10 zuwa 5 a kowace kubik mita ta iska, a matsakaicin shekara. Abu mai wannan nauyi ba zai zauna da haruffa biyu da lamba kawai a bakinmu ba.

12/ An kawo burbushi, amma burbushi ana ganinsa, ana ma share shi. An kawo kunkunniya, ita kuma kashi ɗaya ce cikin abin, baƙin da wuta ke bari. Ƙwayar zarra ta riga ta tafi wurin masana nukiliya. Ni na fi karkata ga lallausar ƙura, tunda da laushi muke auna ƙanƙantar abin da aka niƙa. Manyan, waɗanda ake rubutawa PM10, sai su zama ƙura mai tsaki. A rubuce a riƙa bin sunan da lambar, don ita ce mutum zai gani a manhajar wayarsa.

Wani ma'aikacin lafiya ya yi gyara mai kyau: da ka ce ƙura, mutum zai ɗauka ƙyalle a hanci ya wadatar. Gaskiya ne, Likita. Takunkumin yadi da aka saba da shi lokacin korona kaɗan yake tarewa daga wannan. Irin N95 ne aka ƙera don tace aƙalla kashi 95 cikin 100 na ƙananan ƙwayoyi, shi ma sai ya zauna daram a fuska. Saboda haka kalmar lallausa dole ce, kada a yar da ita don gajarta kanu.

13/ Ga dalilin da ya sa nake nacewa a raba sunayen biyu. Masu bincike na jami'ar Harvard sun duba gundumomin Amurka sama da 3,000 a 2020, suka ga inda mutane suka daɗe suna shaƙar lallausar ƙura mai yawa, mace-macen korona sun fi yawa. Irin wannan bincike alaƙa yake nunawa, ba ya yanke hukuncin cewa wannan ne ya jawo wancan, su ma sun faɗi haka. Amma abin lura shi ne shekaru suka auna, ba makonni ba. Huhun da ya sha shekara ashirin a bakin titi ba ya warkewa don sama ta yi wata biyu tana haske. Kuma kulle ya tura mutane cikin gida, inda mai girki da itace ko gawayi ko kananzir yake shaƙar abin da ya fi na titi yawa, ba tare da wani hazo a kan gari ba. Idan kalma ɗaya gare mu, ba mu da bakin faɗin cewa wannan ya tafi amma wancan yana nan.

14/ Saura ozon, wanda aka tambaye ni sau da yawa. Shawarata a bar shi ozon, a ƙara masa wuri: ozon na sama, wanda ke kāre mu daga sashen hasken rana mai cutarwa, da ozon na ƙasa, wanda ke ƙona hanyar numfashi. Na ƙasan ya ma ƙaru a birane da dama lokacin kulle, don wani sashe na hayaƙin mota yana cinye shi a bakin titi, da motocin suka ragu sai ya sami sarari. Wanda ya ba da shawarar iskar guba ya yi haƙuri, kabon monoksaid ɗin janareta da ke kashe iyali cikin barci ya fi cancantar wannan sunan, kuma mutane sun riga sun fara kiransa haka.