Neman shawara kan abinci mai araha ga baƙo Musulmi a Kyuba

Malamin Ƙofar Sauri:

Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a birnin Katsina, kuma in Allah ya yarda zan tafi Kyuba bayan babbar sallah domin halartar wani taron ƙara wa juna sani a Habana, babban birnin ƙasar. Kuɗin jirgi da na masauki sun cinye mafi yawan abin da na tanada, saboda haka ɗan abin da ya rage ne zan lallaɓa na ci da shi har na dawo. Na karanta cewa akwai abincin bakin titi mai araha ƙwarai a can, amma rubuce-rubucen da na gani sun saɓa wa juna a kan farashi, kuma babu wanda ya yi la'akari da mai gudun naman alade. Ina roƙon waɗanda suka zauna a ƙasar su faɗa mini inda talakan gari yake cin abinci, da abin da ya halatta na saya, da kuma irin kuɗin da ya kamata na riƙe.

Ɗan Kusugu:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kai ka lafiya. Na yi karatun likita a can kafin na dawo gida Daura, kuma har yanzu ina magana da abokan karatuna. Dalilin saɓanin farashin da ka gani shi ne, yawancin rubuce-rubucen an yi su ne kafin Janairun 2021, lokacin da ƙasar take amfani da kuɗi iri biyu, wato peso na 'yan ƙasa da kuma CUC na baƙi, wanda darajarsa take daidai da dala. A wancan zamani mutum yana iya sayen ƙaramar fiza da peso 5 zuwa 10, alhali dala ɗaya tana ba da kimanin peso 24. Gwamnati ta soke CUC, farashi ya yi ta hauhawa, don haka duk lissafin da aka yi kafin wannan shekara ka ajiye shi gefe.

Ka riƙe tsabar kuɗi, Yuro ko dala, masu tsabta marasa yagewa, kuma ka nemi ƙanana. Katin da bankin Amurka ya bayar ba ya aiki saboda takunkumi, kuma ban ba ka shawarar ka dogara da katin bankinka na gida ba. Gidajen canji na gwamnati sunansu CADECA, amma a shekarun baya farashin kasuwar bayan fage ya riƙa ninka nasu. Doka ba ta amince da wannan kasuwa ba, kuma masu tare baƙi a titi suna kiran canji sukan cuci mutum. Hanyar da ta fi kwanciyar hankali ita ce ka biya masauki da kuɗin waje, sannan ka nemi shawarar mai masaukinka a kan peso ɗin da za ka riƙa kashewa.

Abinci mafi araha ta taga ake sayar da shi. Za ka ga gida na zama, an buɗe tagar falo, an rataye allo da aka rubuta abin da ake da shi a ranar, mutane suna tsaye a bakin hanya suna ci. Irin waɗannan sun fi yawa a Centro Habana da kewayen Jami'ar Habana a unguwar Vedado, kuma da zarar ka shiga titin Obispo na tsohon gari, inda 'yan yawon buɗe ido suke cika, farashin ya sauya. Fizarsu mai kauri ce, ana naɗe ta biyu a ɗan guntun takarda tana ɗigar mai, kuma ka ce ta cuku kaɗai kake so, domin ɗayar da naman alade ake yi. Akwai burodi da wainar ƙwai, akwai burodi da aka shafa wa daskararriyar gwaiba mai suga, akwai gyaɗa soyayya a cikin siririn mazurarin farar takarda, sannan akwai ruwan rake da suke kira guarapo, wanda ake matsewa a gabanka. Da rana wasu gidajen suna sayar da cajita, wato ƙaramin kwali da aka cika da shinkafa da wake da rogo ko dankali da yankan nama, sai dai naman kusan kullum na alade ne, sai ka tambaya ko akwai kaza ko kifi.

Hajiya Mai Ɗinki:

Malam, ina yi maka fatan alheri. Na raka maigidana wani aiki a can, kuma ina so na ƙara a kan abin da Likita ya faɗa, domin cire nama daga cikin kwali bai raba ka da alade ba. Shinkafa da waken da suke kira congrí ko moros, wadda za ta tuna maka da garau-garau, a al'adance da kitsen alade ake dafa ta, wani lokaci har da gutsattsarin fatarsa soyayya a ciki. Haka ƙunshin masarar nan da suke kira tamal, haka miyar wake mai kauri, kuma ko dafaffen rogon da ake zuba wa tafarnuwa da lemo mai tsami, wasu da kitse suke haɗa romonsa. Burodi ma wasu masu gashi suna sa masa kitse. Saboda haka ka rubuta waɗannan kalmomi a takarda ka riƙa nunawa: sin cerdo, sin jamón, sin manteca, ma'ana ba alade, ba naman alade da aka sarrafa, ba kitse. Ka kuma leƙa kaskon, domin mai ɗaya ake soya agada da nama da wainar gwaza a wurare da yawa.

Abin da ya fi mana sauƙi shi ne sauka a gidan iyali, wanda suke kira casa particular, kuma doka ta halatta wannan sana'a tun 1997. Matar gidan ta ba ni damar amfani da murhunta da tukunya guda da na wanke na keɓe. Kasuwar amfanin gona da take mahaɗar titin 19 da B a Vedado tana da rogo, dankali, gwaza, kuɓewa, kabewa, tumatir, albasa, gwanda, abarba da mangwaro a lokacinsa, kuma da peso ake ciniki. Ka tafi da jakarka, ka je da safe. Daga gida kuma ka ɗauki yaji, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino da madarar gari, domin girkinsu ba shi da zafin barkono ko kaɗan, madara kuwa tana wahalar samuwa. Kilishi sai ka bincika ƙa'idar kwastan ɗinsu a kan nama kafin ka sa shi a jaka.

Tsohon Ma'aikacin Gona:

Ina tare da Hajiya, amma ina ganin kada Malam ya matse hannunsa fiye da kima. Abin da baƙo yake kira araha, ɗan ƙasa mai albashin gwamnati ba ya iya sayensa, kuma a 'yan shekarun nan kiret ɗin ƙwai ya kai farashin da ya fi ƙarfin ɗan fansho. Kayan abincin da gwamnati take rabawa da littafin rabo mai suna libreta tun 1962 na 'yan ƙasa ne, baƙo ba shi da rabo a ciki. Don haka bai dace a tsaya ana ja-in-ja da tsohuwa mai sayar da gyaɗa ba. Karin kumallon da masu masauki suke shiryawa, na 'ya'yan itace da ƙwai da burodi da kofi, yakan kama kimanin dala 5, kuma yana riƙe mutum har la'asar. Na kuma fi son ya yi hattara da ƙanƙara da duk abin da ya kwana a firiji, saboda ɗauke wuta ya yi yawa, har lantarkin ƙasar baki ɗaya ya tsaya a Oktoban 2024. Ruwan gora ko tafasasshe kawai zai sha.

Malamin Ƙofar Sauri:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Likita, saura batun yanka. Shin akwai inda zan samu naman da Musulmi ya yanka, ko kuwa na haƙura da kifi da ƙwai?

Ɗan Kusugu:

Malam, ka ƙudurta a ranka cewa kifi da ƙwai da wake ne abincinka. Kajin da ake sayarwa yawancinsu daskararru ne da ake shigowa da su daga waje, mafi yawa daga Amurka, naman shanu kuwa yana da tsada da wuyar samu. Hukuncin cin irin wannan kaza sai ka tambayi malamanmu tun kana gida. Idan ka isa, ka je sallar Juma'a a masallacin Abdallah da yake titin Oficios a tsohon garin Habana, wanda aka buɗe a 2015. A nan za ka haɗu da ɗalibai 'yan Afirka da Musulmin ƙasar, kuma su ne za su nuna maka wanda yake yanka kaza ko akuya a wannan makon da kuma nawa zai sayar maka.