Tankin lita 50 ya sha 52: wa ya taɓa ganin haka?

Mai Corolla, Kano:
Assalamu alaikum. Corolla ƙirar 2006 gare ni, littafinta ya ce tankin lita 50 ne. Jiya fitilar mai ta kama, na shiga wani gidan mai na ce a cika. Famfo ya katse da kansa a 44 da ɗoriya, amma yaron ya ci gaba da ɗosawa har na hango man a bakin tanki. Ko da aka gama, mita na nuna 52. Kuma ba da turi na shigo ba, akwai saura a ciki. Ha'inci ne, ko tankin ya fi abin da aka rubuta?

Bakanike, Kaduna:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Tankin ya fi 50 ɗin, amma rarar ba taka ba ce. Masu ƙera mota da gangan suke barin fili a saman tanki, saboda fetur yana kumbura idan ya ji zafi. Daga rijiyar gidan mai yana fitowa da ɗan sanyinsa. Zafi ya ƙaru da digiri 10, lita 50 za ta ƙara kusan rabin lita. To ka tuno ranar Kano a watan Afrilu. Sannan wuyan tankin ma yana ɗaukar wani abu.

Babbar ɓarnar ba a bakin tanki take ba. Akwai wani gwangwani mai gawayi a ciki, aikinsa kama tururin fetur, daga baya injin ya zuƙe ya ƙona. Tururi aka yi shi dominsa. In aka cika har wuya, ruwan man yana iya bin bututu ya jiƙa gawayin. Na sha ciro shi daga mota yana ɗigar fetur, mai motar kuwa ya riga ya canza filogi da famfon mai a banza.

Malamar makaranta, Zariya:
Abin da ya sami Camry ɗina ke nan, mai lita 70. Duk lokacin da na sha mai sai ta ƙi tashi a gaban famfo, ana ta yi min hon a baya, sai na danne totur kafin ta kama. Ga fitilar injin a kunne, ga warin fetur a wajen kujerar baya har yara na ƙorafin ciwon kai. Maigidana ne mai cewa a cika mata fal duk ƙarshen wata. Gwangwanin nan da bawul ɗinsa aka canza, ta daina.

Direban Golf, hanyar Gusau:
Malam bakanike, da girmanka, amma mu 'yan tasha ba don sha'awa muke yi ba. Lokacin layin mai, ka kwana a layi, ka samu ka iso famfo, sai ka tafi da fili a tanki ka je ka saya wurin 'yan bumburutu? Har girgiza motar muke yi, kwandasta ya dafa but yana jijjigawa don ta ƙara sha. Golf 3 lita 55 ce, ni dai ban ga ta lalace ba. Amma mu nan take muke kama hanya, man bai samun zama. Abin da na yarda da shi, fentin ƙasan murfin tankina ya dushe, duk sawun mai ne.

Bakanike, Kaduna:
Kama hanyar ne ke cetonka, direba. Wanda ya cika ya je ya ajiye ta a rana shi ke kwana ciki.

Tsohon mai zuba mai:
Bari in faɗi namu ɓangaren. Sau da yawa mai motar ne ke cewa "ƙara, ƙara", ko kuma muna son kuɗin ya cika daidai don babu canji. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 masu cewa a cika ma sun yi ƙaranci, yawanci na dubu kaza ake saye. Sai dai Alhaji mai Corolla, kusan lita 8 bayan famfo ya katse ta yi yawa, ni ban cire mitar daga zargi ba. Ka koma da jarkar da ka tabbatar lita 10 ce, in sun yarda su zuba maka, ka gani da idonka. In ta gaza, hukumar NMDPRA, mai sa ido kan harkar man fetur a Najeriya, ita ce ke rufe gidan man da ke tauye mudu.

Ɗan acaɓa, Maraɗi:
Ku masu mota da sauƙi. Mu tankin yana bisa injin, tsakanin ƙafafunmu. Na ga wani da aka cika masa har ya malalo kan injin mai zafi, yana buga kik wuta ta tashi. Allah ya sa akwai bokitin yashi kusa, wandonsa kaɗai ya ƙone.

Mai Corolla, Kano:
Na gode ƙwarai. Gobe in sha Allahu zan koma da jarka. Malam bakanike, tun jiya nake jin ɗan warin fetur ta wajen tayar baya idan na kashe mota. In kawo maka ita, ko in jira man ya ragu tukuna?