Wane irin kare ne ya dace da gida mai garke a Gadarif?

Manomi daga Gadarif:
Assalamu alaikum. Ina zaune da iyalina a bayan garin Gadarif da ke gabashin Sudan, muna noman dawa da riɗi, kuma muna da tumaki da awaki da ke kwana a garke bayan gidanmu. Tun ƙarshen damina dila ke ɗauke mana ƙananan dabbobi, ga kuma fargabar ɓarayi. Babban ɗana ya dage sai mun sayi karen Jamus, wanda ake kira karen 'yan sanda, maƙwabcina kuwa ya ce in nemi saluki. Akwai ƙananan yara a gidan, kuma ba ni da halin sayen abincin kare na kanti. Wanne ya kamata in ɗauka?

Ma'aikacin lafiyar dabbobi daga Sinnar:
Wa alaikumus salam, Alhaji. A ganina duka biyun ba su dace da buƙatarka ba. Karen Jamus yana da basira da biyayya, amma gashinsa ninki biyu ne, kuma ka san zafin Afrilu da Mayu a nan yakan haura digiri 40. Kaska na ɓuya a cikin gashin nan ta sa masa zazzaɓi, sannan jinsin ya yi suna wajen ciwon ƙugu, ga shi tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 samun magani ya yi wuya. Saluki kuwa yana jure zafi, sai dai Larabawa sun raine shi ne don farautar barewa da zomo; da ido yake bin abin da ke gudu, ba ya yawan haushi, kuma ɗan akuya mai tsalle-tsalle ba lallai ya tsira daga gare shi ba.

Karen gida, wanda ake ce wa baladi, shi ne naka. Ko wanne ka ɗauka dai, a yi masa allurar rigakafin haukan kare da zarar ya kai wata 3, a kuma riƙa ba shi maganin tsutsar ciki. Ina roƙonka kada a jefa masa ɗanyen huhu ko hanta idan an yi yanka, musamman waɗanda aka ga ƙullutun ruwa a jikinsu, domin daga nan yake ɗaukar tsutsar da ƙwanta ke fita ta kashinsa ya kama yara.

Dattijo daga Maiwurno:
Ɗana, maganar likita gaskiya ce, amma ba kowane karen gida ke gadi ba. Kafin ka karɓi kwikwiyo, ka je ka ga uwarsa da daddare: idan tana tashi ta zagaya garke tana haushi ba tare da ta far wa mutanen gida ba, to ɗanta ka nema. Ka kawo shi yana da kamar wata 2, ya kwana cikin tumaki, a can kuma ake kai masa tuwon dawa da madara. Idan yara suka mayar da shi abokin wasa, su zai riƙa bi, ya bar garken. Biyu sun fi ɗaya, domin kare guda ba ya tunkarar kura.

Ɗalibi daga Kasala:
Allah ya saka wa Baba da alheri. Ta fuskar addini, hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim ya yi gargaɗin raguwar lada ga mai ajiye kare, amma ya keɓe na farauta da na kiwo da na gona, kuma naka, Alhaji, yana cikin waɗanda aka keɓe. A mazhabar Malikiyya yawun kare mai rai ba najasa ba ne, duk da haka ana wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki sau 7. Ka ware masa kaskonsa na ruwa a inuwa kusa da garke, nesa da randar gida da wurin salla.