Maƙwabcina ya ɗora bene a kan kwata, wai yana da izini

Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Shekarata 19 a gidana a Kano. Bara maƙwabcina ya tayar da bene hawa biyu, katangarsa ta hau kan kwatar da ke fitar mana da ruwa. Daminar bana ruwa ya dawo har ɗakin mahaifiyata, sai a kan bulo muka ɗora mata katifa. Tagoginsa uku kuma suna kallon tsakar gidana, maiɗakina ko wanki ba ta iya yi sai da hijabi. Na je ofishin da ya ba shi izini, wani ma'aikaci ya buɗe fayil ya ce kuskure ne, taswirar wani filin aka duba aka sa hannu, amma wai bakin alƙalami ya bushe. Ina zan nufa?

Wani lauya: Malam, bai bushe ba. Hukumar da ta ba da izini tana iya janye shi ko ta tsayar da aiki. Sai dai maganar baki ba hujja ba ce. Rubuta koke, haɗa da hotunan ruwan, su buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Duba ma wa ya bayar: a dokar filaye ta 1978 filin cikin birni yana hannun gwamna, ba ƙaramar hukuma ba. Kar ka yi sanya, ƙarar jami'an gwamnati kan zo da wa'adi gajere, sau da yawa wata uku.

Wani dattijo: Ɗana, fara da mai unguwa da limami. Mutumin nan shi ma takarda aka ba shi. Ga hadisin "la darara wa la dirara", wato ba cuta ba cutarwa, kuma malaman Malikiyya sun hana buɗe tagar da ke leƙa gidan maƙwabci.

Wani magini: Tagar ba wuya, a toshe ƙasanta a bar iska ta sama. Kwatar ce abin tsoro. Ruwan da ke kwanciya a gindin katanga zai ci harsashinku ku duka biyu. Ka nuna masa wannan.

Wata 'yar uwa: Yaya, in ofis ya yi shiru, kai wa Hukumar Karɓar Koke-koke ta Ƙasa, kyauta ne. Allah Ya ba Hajiya lafiya.

Mai tambaya: Amin, na gode. Gobe bayan Asuba zan ga mai unguwa, Litinin in kai takardar.