Neman shawara (2023): muna son hira da sabon Firaministan Nijar, amma kanmu ya rabu

Ɗan Maraɗi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu huɗu ne, aikin sa kai muke, ba mai biyanmu ko dala. Ni malamin makaranta ne, akwai mai gyaran waya, akwai ɗaliba a jami'ar Abdou Moumouni, na huɗun shi ke kai mu a babur. Rahoton kasuwa muke ɗauka da waya mu sa a Facebook, kuɗin data ma karo-karo muke yi. Tun da sojoji suka naɗa Ali Mahaman Lamine Zeine Firaminista ran 7 ga Agustan 2023 muke son mu ji ta bakinsa da Hausa, tunda ɗan Damagaram ne. Wani abokin kawuna ya ce zai miƙa mana takardar neman hira, amma mu haɗa da tambayoyin. Nan rigima ta tashi. Ɗalibar ta ce in ba tambaya kan tsare hamɓararren shugaba Bazoum, ta fita. Ni kuwa tsadar shinkafa da rashin wuta ne damuwata. Wallahi barci ya gagare ni. Me zan yi?

Tsohon Ɗan Rediyo: Yaro, kuna da katin aikin jarida kuwa? Ba ka faɗa ba. Ran 3 ga Agusta aka katse RFI da France 24, su da ke da lauyoyi. 'Yar jarida Samira Sabou ta yi zaman kurkuku a 2020 kan rubutun Facebook, lokacin mulkin farar hula ma ke nan. Ku ajiye maganar Bazoum.

Ɗan Maraɗi: Baba, kati kam babu, amma mutanen unguwa sun san aikinmu.

Maman Iman: Malam, in ka shiga ka tambaye shi kayana. Tun da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka, ta rufe iyaka suke Malanville a Benin, gadar Gaya kawai ta raba mu, masu bashi sun hana ni sakat.

Tsohon Ɗan Rediyo: Hajiya, ba wurin koke ba ne. Mutumin nan ya riƙe ministan kuɗi zamanin Tandja, ya yi aiki a Bankin Raya Afirka. Ku tambaye shi ina albashi zai fito ana cikin takunkumi, da me za a maye gurbin wutar da Najeriya ta yanke. Tambaya uku, shi ke nan.

Ɗan Katako: Baba, da girmanka, in ka tura tambaya kafin hira, sanarwa za ka ɗauko. Ɗalibar nan ta fi ku gaskiya. Shugaban mulkin soja Janar Tiani ya ce riƙon ƙwarya ba zai wuce shekara 3 ba, a tambaye shi yaushe zaɓe.

Ɗan Maraɗi: Ba tsoro nake ba, ɗan'uwa. Masu kallonmu abin da za su ci suke tambaya. Kuma sunan kawuna ne a ciki.

Tsohon Ɗan Rediyo: Na yi hira da manya kafin a haife ka, Ɗan Katako. Kowa tura tambaya yake.

Maman Iman: Mu a unguwarmu jiya wuta ba ta zo ba sam, ƙanƙarar da nake sayarwa duk ta narke.

Ɗan Maraɗi: To takardar fa, da Faransanci za mu rubuta ta ko da Hausa? Gobe abokin kawun nawa zai koma Yamai.