An ba ƙanena beli, amma sharuɗɗan sun fi ƙarfinmu

Assalamu alaikum. Lauyoyi da masana shari'a, ina neman shawararku.

Ƙanena ake tuhuma da karɓar wayar sata, wadda ya saya a kasuwa. Kotun majistare ta ba da belinsa, amma sai an kawo mutum biyu da za su tsaya masa: ɗaya ma'aikacin gwamnati mai mataki na 14, ɗaya mai takardar mallakar gida a cikin gari. Mu kuwa kaf danginmu manoma ne da 'yan tireda. Wanda muka samu, da ya ji za a karɓi hotonsa da takardar albashinsa, sai ya zame. Yaron yana can gidan gyaran hali, mahaifiyarmu kullum da kwanon tuwo a bakin ƙofa.

Na ji dokar ACJA ta 2015, wato dokar gudanar da shari'ar laifuka, ta hana tsananta sharuɗɗan beli. To wa za mu roƙa ya sassauta, alƙalin da ya gindaya su, ko sai Babbar Kotu? Kuma hukumar Legal Aid, mai taimaka wa marasa ƙarfi da lauya, tana karɓar irin wannan shari'ar ba tare da an biya kuɗi ba? Kuɗin lauya dai ba mu da shi.